Mayer Amschel Rothschild

Mayer Amschel Rothschild (23 ga Fabrairu, 1744 – 19 ga Satumba, 1812) Bayahude ne ɗan Jamus, dillalin tsoffin tsabar kuɗi, ɗan canji, kuma mai banki. An haife shi a birnin Frankfurt, a can kuma ya mutu. Shi ne ya kafa gidan Rothschild, wanda 'ya'yansa suka buɗe wa rassa a Frankfurt, Landan, Paris, Vienna da Naples, har ya zama gidan kuɗi mafi girma a Turai a ƙarni na 19. Kafin ya shiga harkar banki ya shafe fiye da shekara 20 yana saye da sayar da tsoffin tsabar zinariya da azurfa da lambobin tunawa, waɗanda sarakuna da biranen Jamus suka buga. Wannan sana'a ce ta koya masa sanin kuɗi, ita ce kuma ta buɗe masa ƙofar fadar Yarima Wilhelm na Hesse, wanda daga baya Rothschild ya zama mai kula da wani ɓangare na dukiyarsa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Mayer Amschel a Judengasse, wato Layin Yahudawa, unguwar da hukumar Frankfurt ta keɓe wa Yahudawa tun shekarar 1462. Layi ɗaya ne mai tsawon kimanin mita 330, kewaye da katanga, da ƙofofi uku. Ana kulle ƙofofin da dare, da ranar Lahadi, da ranakun bukukuwan Kirista. A ƙarni na 18 kusan mutum 3,000 ne ke zaune a cikinsa, cikin dogayen gidaje masu ƙunci da ke manne da juna. Dokar birnin ta 1616 ta ƙayyade yawan iyalan Yahudawa zuwa 500, ta kuma yarda da ɗaurin aure 12 kacal a shekara. Ba a yarda Bayahude ya mallaki gona ko ya shiga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu ba. Abin da ya rage wa mazauna layin shi ne canji, ba da rance, karɓar jingina da cinikin wasu kayayyaki.

A wancan zamani gidajen layin ba su da lamba. Kowane gida yana da alama a ƙofa, kuma da ita ake kiran masu gidan. Kakannin Mayer Amschel sun zauna tun ƙarni na 16 a gidan da ke da alamar jar garkuwa, wadda a Jamusanci ake kira Rot Schild, daga nan sunan zuri'ar ya samo asali. A 1664 iyalin suka koma wani gida mafi ƙanƙanta da ake kira Hinterpfann, ma'ana Bayan Kasko, amma sunan jar garkuwa ya bi su.

Mahaifinsa, Amschel Moses Rothschild, ɗan canji ne kuma yana sayar da yadi. Sunan mahaifiyarsa Schönche. Mahaifin ya mutu a 1755 a annobar agana, mahaifiyar ta bi shi a 1756. Mayer Amschel ya zama maraya yana ɗan shekara 12.

Karatu da koyon sana'a

Iyayensa sun tura shi makarantar addinin Yahudu a garin Fürth, kusa da Nuremberg, inda ya karanci Ibrananci da littattafan shari'ar addininsa. Mutuwar iyayen ta katse karatun. Dangi suka sama masa wurin koyon sana'a a gidan kasuwancin Oppenheimer da ke Hanover, gidan da ke hulɗar kuɗi da fadoji. A can ya koyi canjin kuɗin ƙasashe, da yadda ake aiki da takardun alkawarin biya, waɗanda 'yan kasuwa ke amfani da su don biyan kuɗi a wani gari ba tare da ɗaukar tsaba a hanya ba.

A Hanover ne kuma ya shiga harkar tsoffin kuɗi. Ya riƙa nemo wa wani hafsan soja, Janar von Estorff, tsabar da ba kasafai ake samun irinta ba, domin janar ɗin mai tara su ne. Ya koma Frankfurt wajen 1764, ya haɗa jari da ɗan'uwansa Kalman a gidan Bayan Kasko.

Kuɗin biranen Jamus a zamaninsa

Babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus a lokacin. Akwai Daular Rum Mai Tsarki, wadda ta ƙunshi masarautu da yankunan limaman coci da birane kusan 300, ƙarƙashin babban sarki guda. Kimanin 50 daga cikinsu 'yantattun birane ne, masu majalisar kansu, waɗanda babu wani sarki a kansu sai babban sarkin daular. Frankfurt na cikinsu, haka nan Nuremberg, Augsburg, Hamburg, Lübeck, Bremen, Cologne da Regensburg. Da yawa daga cikin waɗannan masarautu da birane suna da ikon buga kuɗinsu.

Tsabar zinariya ta shigo yankin ne daga Italiya. Birnin Florence ya fara buga florin a 1252, Venice kuma ta fara buga dukat a 1284. A 1340 babban sarki Ludwig ya ba Lübeck izinin buga zinariya, ta zama birnin Jamus na farko da ya sami wannan dama. Tsabarta ta kwaikwayi ta Florence, da hoton fure a fuska ɗaya da hoton Yahaya Mai Baftisma a ɗayar. A 1386 manyan masu mulkin bakin kogin Rhine guda huɗu, na Mainz, Trier, Cologne da Palatinate, suka haɗa kai kan tsaba ɗaya da ake kira gulden. A 1418 babban sarki Sigismund ya buɗe maƙerar kuɗi ta daula a Frankfurt, sannan a 1555 birnin ya sami izinin buga zinariya da sunansa. Dokar kuɗi ta 1559 ta amince da dukat a matsayin tsabar zinariya ta daular. Nauyinsa kusan giram 3.5 ne, kuma zinariyarsa kusan zalla ce.

Wasu biranen sun yi suna da tsaba ta musamman. Hamburg ta buga Portugalöser tun tsakiyar ƙarni na 16, babbar tsaba mai darajar dukat 10, wadda aka kwaikwayo daga kuɗin Portugal. Nuremberg ta buga dukat mai hoton ɗan rago ɗauke da tuta don shiga shekarar 1700, da ƙananan yankunansa har zuwa kashi ɗaya cikin 32, kuma mutane sun riƙa bayar da su kyauta a bikin baftisma da sabuwar shekara. Frankfurt kuwa, inda ake zaɓen babban sarki bisa dokar 1356, ake kuma naɗa shi tun 1562, tana buga dukat da lambobin tunawa idan an yi zaɓe ko naɗi.

A zamanin Rothschild kalmar gulden ta riga ta zama sunan ma'aunin lissafi da kuɗin azurfa, kuma gulden ɗaya daidai yake da kreuzer 60. Yawan nau'o'in kuɗi ya sa ɗan canji ya zama dole a kasuwa, musamman a Frankfurt, inda ake cin babbar kasuwar baje koli sau biyu a shekara. Tun 1585 fataken da ke zuwa wannan kasuwa suka fara haɗuwa don tsayar da farashin canji. Ɗan canji yana aiki da sikeli da dutsen gwada zinariya. Dole ya gane tsabar da aka gutsure gefenta, da ta jabu, da wadda aka rage wa zinariya.

Cinikin tsoffin kuɗi

Tsohuwar tsaba tana da daraja iri biyu. Akwai darajar ƙarfen da ke jikinta, wadda sikeli ke nunawa. Akwai kuma darajar da mai tarawa ke ba ta saboda birnin da ya buga ta, shekararta, abin da aka buga ta don tunawa da shi, lafiyar hotonta, da ƙarancin irinta. Da yake ana narkar da tsoffin kuɗi a duk lokacin da aka sauya ma'auni, wasu nau'o'in sun rage kaɗan a hannun mutane. Ribar dillali tana tsakanin waɗannan daraja biyu: ya sayi tsaba a farashin da bai wuce na ƙarfenta da yawa ba, ya sayar wa wanda ya san abin da take.

A ƙarni na 18 tara tsoffin kuɗi abin ado ne ga sarakuna da manyan fada a Jamus. Kusan kowace fada tana da kabad na musamman mai ƙananan aljihuna da ake jera tsaba a ciki, kuma masana sun rubuta manyan littattafai a kai. Johann David Köhler ya fitar da mujallar mako-mako kan tarihin tsaba a Nuremberg daga 1729 zuwa 1750. An buga wani littafi kan nau'o'in dukat a Hanover a 1759 da 1760. David Samuel von Madai kuma ya fara fitar da kundinsa na tsabar azurfa ta taler a 1765, inda ya ba kowane nau'i lamba.

Rothschild ya karanci irin waɗannan littattafai, ya kuma gina cinikinsa a kansu. A shekarun 1770 da 1780 ya riƙa buga ƙananan littattafan jerin kaya, masu ɗauke da bayanin kowace tsaba da farashinta, wasu an jera su bisa lambobin Madai don mai saye ya duba a nasa littafin. Yakan aika da su ta gidan waya zuwa fadoji da gidajen masu hali a sassan Jamus. Wanda ya ga abin da yake so sai ya rubuto, a aika masa. Kayan sun haɗa da tsabar tsohuwar Girka da Rum, da ta masarautu da biranen Jamus, da lambobin tunawa, da duwatsu masu daraja da ƙananan sassaƙe. Wannan hanya ta dace da halin da yake ciki, domin Bayahuden Frankfurt ba shi da damar buɗe kanti a manyan titunan birnin, amma wasiƙa tana shiga inda mai ita ba zai iya shiga ba. Daga cikin waɗanda ya yi ciniki da su akwai Karl August, mai mulkin Weimar.

Dillalin fada

Mafi muhimmanci cikin masu sayen kayansa shi ne Wilhelm, magajin sarautar Hesse-Kassel, wanda a lokacin yake mulkin Hanau, wani gari da ke gabas da Frankfurt. Wilhelm jikan Sarki George na Biyu na Birtaniya ne ta wajen uwa, kuma yana da sha'awar tara tsaba. Masana tarihi da dama na ganin Janar von Estorff ne ya haɗa su. Cinikinsu na farko da aka samu a rubuce na 1765 ne, kuma kuɗinsa bai kai gulden 40 ba.

Rothschild ya ci gaba da kai wa fadar Hanau tsaba a farashi mai sauƙi. A 1769 ya rubuta takardar roƙo, kuma a watan Satumba na shekarar aka ba shi muƙamin Hoffaktor, wato dillalin fada. Muƙamin ba shi da albashi, kuma Yahudawa da dama suna riƙe da irinsa a fadoji daban-daban. Amfaninsa shi ne suna da sauƙin tafiya. Mai shi yana iya kafa allo mai tambarin masarautar a ƙofar gidansa, kuma sauran 'yan kasuwa sukan fi yarda su ba shi bashi.

Aure da iyali

A ranar 29 ga Agusta, 1770, ya auri Gutle Schnapper, 'yar Wolf Salomon Schnapper, ɗan canji kuma dillalin fadar Saxe-Meiningen. Bisa al'adar wurin, amarya ce ke zuwa da dukiya, kuma Gutle ta zo da gulden 2,400. 'Ya'yansu 10 ne suka rayu har suka girma, maza biyar da mata biyar. Mazan su ne Amschel (1773–1855), Salomon (1774–1855), Nathan (1777–1836), Carl (1788–1855) da Jakob, wanda aka fi sani da James (1792–1868). Matan su ne Schönche, Isabella, Babette, Julie da Henriette.

A tsakiyar shekarun 1780 ya sayi gidan da ake kira Koriyar Garkuwa a cikin layin. Ana lissafa shi cikin gidaje masu kyau a unguwar, duk da faɗinsa bai kai mita biyar ba. A cikinsa iyalin suke kwana, a cikinsa kuma ofis da ma'ajiyar kaya suke. 'Ya'ya maza da mata da surukai mata duk sun yi aiki a ofishin, wasu a kan akwatin kuɗi, wasu a kan wasiƙu.

Daga tsabar kuɗi zuwa banki

A 1785 Wilhelm ya gaji mahaifinsa, Friedrich na Biyu, ya zama mai mulkin Hesse-Kassel. Ya gaji dukiya mai yawa ƙwarai, wadda babban ɓangarenta ya samu ne daga ba Birtaniya hayar sojoji, har da waɗanda suka yi yaƙi a Amurka a shekarun 1770. Birtaniya tana biya da takardun alkawarin biya da ake karɓa a Landan, saboda haka fadar Kassel tana buƙatar 'yan kasuwar da za su mayar da takardun tsabar kuɗi. Wilhelm kuma yana ba sauran sarakuna rance da ruwa.

Manyan bankunan Frankfurt, irin su Bethmann, su ne ke rike da wannan aiki, kuma Rothschild ya daɗe yana neman kaso a ciki ba tare da samun abin kirki ba. Wanda ya taimaka masa shi ne Carl Friedrich Buderus, jami'in kuɗi a fadar, wanda suka saba tun zamanin Hanau. Ta hannunsa aka fara ba Rothschild ƙananan takardu, sannan manya.

Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin juya halin Faransa sun ƙara masa ciniki. Ya shiga kwangilar kai wa sojojin Ostiriya kayan masarufi da kuɗin albashi, ya kuma faɗaɗa shigo da yadin auduga daga Ingila. A 1795 dukiyarsa da ake karɓar haraji a kai ta ninka zuwa gulden 4,000, a shekarar da ta biyo kuma aka sa shi a rukunin mafi girma na masu biyan haraji a layin. Lissafin kamfaninsa na 1797 ya nuna jarin da ya haura gulden 100,000.

A watan Yuli na 1796 sojojin Faransa suka yi wa Frankfurt ruwan wuta da igwa, wani babban ɓangare na Layin Yahudawa ya ƙone. Dole hukuma ta bar waɗanda suka rasa gidaje su zauna a wasu unguwanni, kuma daga nan kulle layin bai sake komawa yadda yake ba. Rothschild ya sami damar kama hayar ma'ajiyar kaya a wajen katanga. Wajen 1798 ɗansa Nathan ya tafi Manchester don sayen yadi kai tsaye daga masaƙa. A 1800 babban sarki Franz na Biyu ya ba Rothschild muƙamin dillalin fadar daula, a 1803 kuma Wilhelm ya ɗaga shi zuwa babban wakilin fada. A waɗannan shekaru ya shirya manyan rance ga gwamnatin Denmark da kuɗin Wilhelm, ba tare da sunan mai kuɗin ya fito ba.

Zamanin Napoleon

'Yantattun biranen da Rothschild ya tashi yana cinikin tsabarsu sun ƙare a gaban idonsa. A 1803 aka haɗe mafi yawansu da masarautun da ke kewaye da su, shida kawai suka rage: Augsburg, Bremen, Frankfurt, Hamburg, Lübeck da Nuremberg. A watan Agusta na 1806 daular kanta ta rushe, aka miƙa Frankfurt ga Karl Theodor von Dalberg, abokin ƙawancen Napoleon.

A ƙarshen 1806 sojojin Faransa suka mamaye Hesse-Kassel. Wilhelm, wanda tun 1803 ya shiga sahun masu zaɓen babban sarki, ya gudu zuwa Holstein da ke ƙarƙashin Denmark, daga baya ya koma Prague. Napoleon ya haɗa ƙasarsa cikin sabuwar masarautar Westphalia, ya naɗa ƙanensa Jérôme, ya kuma umarci duk masu riƙe da bashin Wilhelm su biya Faransa. Buderus ya ci gaba da kula da dukiyar ubangidansa a ɓoye, Rothschild da 'ya'yansa kuma suka riƙa zagayawa suna karɓo kuɗin ruwa da biyan bashi, suna kai wasiƙu da kuɗi ga Wilhelm. Aikin yana da haɗari, domin wanda aka kama zai iya rasa dukiyarsa da 'yancinsa. A 1809 jami'an 'yan sandan Westphalia suka binciki gidan Koriyar Garkuwa, suka yi wa iyalin tambayoyi, amma ba su sami hujjar da za su kama kowa ba. Kyakkyawar alaƙarsa da Dalberg, wanda shi ma yana karɓar rance daga gare shi, ta taimaka wajen kare shi.

A shekarar 1809 ɗin Buderus ya zama abokin tarayya na ɓoye mai kaso a ribar kamfanin. Daga nan aka fara tura kuɗin Wilhelm zuwa ga Nathan, wanda ya riga ya koma Landan, don ya saya masa takardun lamunin gwamnatin Birtaniya. Jimillar abin da aka saya ta haura fam 500,000. Riƙe wannan kuɗi ya ba Nathan nauyi a kasuwar Landan, ya kuma ba shi damar shiga cinikin zinariya.

A watan Satumba na 1810 aka sake tsara kamfanin da sunan Mayer Amschel Rothschild da 'Ya'yansa, da jarin gulden 800,000. Uban ya riƙe 370,000, Amschel da Salomon kowanne 185,000, Carl da Jakob kowanne 30,000. Ba a rubuta sunan Nathan ba saboda yana zaune a ƙasar da ke yaƙi da Faransa.

Neman 'yancin Yahudawan Frankfurt

Rothschild ya riƙe addininsa da al'adun layin har ƙarshen rayuwarsa, kuma bai bar gidan Koriyar Garkuwa ba. Ya tallafa wa makarantar Philanthropin, wadda akawunsa Siegmund Geisenheimer ya jagoranci kafawa a 1804 don koya wa 'ya'yan talakawan Yahudawa Jamusanci da lissafi da sauran ilimin zamani.

Yana cikin waɗanda suka tattauna da Dalberg kan matsayin Yahudawan birnin. A watan Disamba na 1811 Dalberg ya ba su 'yancin zama 'yan gari daidai da kowa, bisa sharaɗin al'ummar ta biya gulden 440,000 a madadin harajin kariya da take biya duk shekara. Kamfanin Rothschild ya ɗauki nauyin samar da babban kaso na kuɗin. A 1812 aka naɗa shi ɗan majalisar masu zaɓe ta yankin Frankfurt. Wannan 'yanci bai daɗe ba. Bayan faɗuwar Napoleon, da Frankfurt ta sake zama 'yantaccen birni, majalisarta ta janye mafi yawansa, kuma sai a 1864 Yahudawan birnin suka sami cikakken daidaito.

Mutuwa da wasiyya

Ya kwanta rashin lafiya a tsakiyar watan Satumba na 1812, ya sake rubuta wasiyyarsa kwana biyu kafin mutuwarsa. Ya mutu ranar 19 ga Satumba yana da shekara 68. An binne shi a tsohuwar maƙabartar Yahudawa da ke titin Battonn a Frankfurt.

Wasiyyar ta bar kamfanin a hannun 'ya'ya maza kaɗai. 'Ya'ya mata da mazajensu da zuri'arsu sun sami gado na kuɗi, amma ba su da kaso a kamfanin, ba su kuma da ikon duba littattafan lissafinsa. Ya hori 'ya'yansa da su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Wannan ƙa'ida ta sa aure tsakanin 'yan'uwa ya yawaita a zuri'ar a ƙarni na 19, domin jari ya zauna a gida. Matarsa Gutle ta ƙi barin tsohon gidan duk da arzikin 'ya'yanta, ta mutu a cikinsa a 1849 tana da shekara 95.

Bayan mutuwarsa

Amschel ya riƙe gidan Frankfurt, Nathan na Landan, James na Paris, Salomon ya kafa na Vienna, Carl kuma na Naples. A 1814 da 1815 'yan'uwan suka tara tsabar zinariya daga sassan Turai don biyan sojojin Birtaniya ƙarƙashin Wellington, suka kuma isar da tallafin Birtaniya ga ƙawayenta. Aiki ne da ke buƙatar sanin nauyi da darajar tsabar ƙasashe daban-daban, irin sanin da suka tashi a cikinsa a gidan mahaifinsu. A 1822 sarkin Ostiriya ya ba su biyar ɗin sarautar baron. Tambarin gidan yana ɗauke da hannu riƙe da kibiya biyar.

Prussia ta haɗe Frankfurt a 1866, birnin ya daina buga kuɗinsa. An rufe bankin Rothschild na Frankfurt a 1901 saboda rashin magaji namiji a wannan reshe. Gidan Koriyar Garkuwa ya rushe a hare-haren jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1992 aka buɗe gidan tarihi na Judengasse a kan harsashin wasu gidajen layin. A 2005 mujallar Forbes ta sa Mayer Amschel a matsayi na bakwai cikin 'yan kasuwa 20 mafi tasiri a tarihi.

Labaran da ba su da tushe

An ƙirƙiri labarai da yawa a kansa. Mafi shahara shi ne cewa Wilhelm ya damƙa masa dukan dukiyarsa a daren gudu, shi kuma ya ɓoye ta a ƙarƙashin gidansa har ya mayar da ita da riba. Mai zane Moritz Daniel Oppenheim ya zana wannan labari a ƙarni na 19, abin da ya ƙara yaɗa shi. Takardun tarihi sun nuna cewa jami'an Wilhelm ne suka fitar da mafi yawan dukiyar, kuma abin da ya shiga hannun Rothschild don ajiya 'yan akwatuna ne, galibi na takardu.

Wasu labaran kuwa an ƙirƙire su ne don ƙiyayya ga Yahudawa. A 1846 wani marubuci a Faransa, Georges Dairnvaell, ya fitar da ƙasida mai cewa Nathan ya halarci yaƙin Waterloo, ya garzaya Landan ya yi ƙazamar riba da labarin. Nathan bai je Waterloo ba. Gwamnatin Nazi ta maimaita labarin a wani fim na farfaganda a 1940. Akwai kuma wata magana da ke yawo a intanet da ake jingina wa Mayer Amschel game da mallakar kuɗin ƙasa da dokokinta. Ba a same ta a cikin wasiƙunsa ko a rubutun mutanen zamaninsa ba, kuma ta fara bayyana ne a littattafai fiye da shekara 100 bayan mutuwarsa.